Babban Yatsana Bai Ji Labari Ba

A Valparaíso gidaje kan hau kafaɗar juna,
kowane da launinsa, kowane na leƙen teku.
Shekara shida ina tallar wannan leƙen.
Mutum dubu arba'in da 'yan kai
sun san ƙofata mai ruwan ɗorawa,
sun san kofin da nake shan shayi.
Ba wanda ya san mariƙinsa a karye yake,
don kullum ta ɗaya gefen nake juya shi.

Wata Lahadi a bakin Caleta Portales
mahaifina Nibaldo na ɗinkin taru,
bakinsa na tafiya, allurarsa na tafiya.
Na ce, Baba, tsaya haka, hasken ya yi.
Ya tsaya. Hoton ya fito:
hannaye biyu da gishiri ya ci, da shuɗiyar igiya.
Zukata dubu uku kafin faɗuwar rana.
Da muka binne shi a Yuli, cikin ruwan sama mai sanyi,
sai na shiga laluben labarin da yake ba ni ranar.
Kan kwalekwalen kakana ne, ko kan mahaifiyata?
Oho. Ni na katse shi.
Hannayen suna nan.
Maganar ta bi ruwa.

Ban yi wa kowa sallama ba.
A teburin kicin, wajen ƙarfe biyun dare,
wayar ta ce, Kin tabbata?
Ta sake cewa, Kin tabbata?
kamar ɗan kasuwar da ya ga ciniki zai kuɓuce.
Na danna. Ba a yi tsawa ba.
Firij ya ci gaba da gurnaninsa.

Amma babban yatsana bai ji labari ba.
Tun asuba yake sharar gilashi,
yana komawa kangon
yadda harshe ke komawa gurbin haƙori.
Na ga yamma ta yi jan garwashi a kan ruwa,
na rasa wa zan kai wa.
Na ci kifi ba shaidu, na ji kamar ban ci ba.
Ximena, da na ɗauka aminiya,
sai da ta yi mako bakwai kafin ta lura ba na nan.
Ya yi zafi. Ba zan ce bai yi ba.

Sai daren da ƙasa ta motsa,
ƙarama ce, irin wadda muka saba.
Cokula suka yi kacau-kacau, fitila ta yi lilo, wuta ta ɗauke.
Da a da ne, kafin bango ya natsu
na rubuta, Kun ji abin da na ji?
Wannan karon na sauko matakala da bargo a kafaɗa.
Tsohuwar gidan ƙasa,
wadda shekara huɗu muke gaisawa da kai kawai,
tana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya, rungume da kyanwa.
Ta ce sunanta Eulalia. Ta ce ai ta san Nibaldo,
shi ke ajiye mata kan kifi saboda wannan ja'irar,
kuma yakan ce 'yarsa ta fi kowa iya kallo.
Kallo!
Na yi dariya har na zauna a ƙasa,
ban san inda dariyar ta juye ba.
Ba ta ce yi haƙuri ba.
Ta miƙo min kyanwar, ta tafi neman takalminta.

Yanzu in zan sauka kasuwa
nakan shiga akwatin katakon nan da waya ke ja a jikin tudu,
hannuna wayam a cinya,
ina jin ƙarar ƙarfe da tarin mai karɓar kuɗi.
Ban ce na zama sabuwa ba.
Har yau nakan kama kaina ina goge wata jimla a zuci,
jimlar na waige-waige, tana neman masu tafi.

Kofin yana nan.
Jiya Eulalia ta hauro shan shayi,
ta ɗauke shi ta wajen karayar, ta duba,
ta ce, Wannan zai yanke ki wata rana,
ta sha abinta.